Ruwan da Kawu Ya Gani a Kwalba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Kawu Makanike, wanda ya shekara ashirin da biyu yana kula da ƙaramin jirgin saman da Abbanmu ke tuƙawa.

Kawu, ban taɓa iya haɗa ido da kai ba. In an yi hutu Abba ya je da ni rumfar jirage, sai in lafe a benci da littafin soyayyata. Kai kuma ka leƙo daga ƙarƙashin fiffike kana goge hannu da tsumma, ka ce, "'Yar gidana, jarumin nan naki ya iya duba mai kuwa? In bai iya ba, kar ki aure shi." Ni dai sai in rufe fuska da littafin.

Kafin kowane tashi sai ka tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki a 'yar kwalba, ka ɗaga ta wajen haske, don in ruwa ya shiga mai, ƙasa yake kwanciya. Bara, bayan an yi kwana biyu ana ruwan sama, Abba na sauri, fasinjoji uku na jira. Ya ce, "Haba Kawu, shekaranjiya fa ka duba!" Ka ce, "Kyaftin, sai dai su jira," ka jefa makullin jirgin a aljihunka. Ina wurin. Da idona na ga ruwan, ya kusa rabin kwalba. Ashe robar murfin tankin ce ta tsage.

Da muka koma gida na ji Abba yana gaya wa Umma cewa da sun tashi, ko bishiyoyin ƙarshen fili ba za su wuce ba injin zai mutu, kamar yadda ya taɓa mace wa wani abokinsa, wanda har yau da sanda yake tafiya. Umma ta zauna a ƙasa.

Na yi ta haɗa kalmomin godiya masu daɗi a raina. Sau biyu ina zuwa har bayanka, kunya ta mayar da ni. Kawu, na gode. Allah ne Ya bar mini uba, amma ta hannunka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Iyalan Kawu, Inna da su Yaya, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma namu muka rasa.