Gada ko kwalekwale?

Na shigo gida jiya na tarar da 'ya'yana biyu kamar za su cinye juna, duk a kan littattafan yaran nan masu binciken ɓarayi, waɗanda aka gina labarinsu a Abijan ta zamanin Turawa.

Hadiza ta ce marubucin ya yi shirme. A littafin farko yaran sun bi gada daga unguwar Adjamé zuwa ta Treichville, a na uku kuma sai ga su a kwalekwale. Rabi ta rantse ba kuskure ba ne.

Ni ma abin ya tsaya mini, sai muka kai ƙara wurin Inna, mahaifiyata, wadda ta yi ƙuruciyarta a Abijan a lokacin.

Inna ta ce, "Duka biyun akwai. Gadar a kan ruwa take shawagi, mai tsoro sai ya hau kwalekwale. Amma yaushe yaran suke komawa gida?"

Hadiza ta ce, "Bayan magariba, Kaka."

"Kuma ba a zane su ba? To, nan ƙaryar take."

Jama'a, a gidanku fa, da an ƙyale su?