Sunan da Kalangu Ya So Ya Faɗa

Jama'ar wannan zaure, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu da nake wannan rubutu bai sake ni ba. Ku yi haƙuri da rubutun. Ni Tanko mai injin casa ban wuce aji uku ba aka sallame ni, wai na mai da teburin malam kalangu. Ban ga laifinsu ba, amma shi ma teburin yana da murya mai daɗi.

Kafin in shiga mafarkin, bari in ɗan gabatar da kaina don wanda bai san ni ba. Sana'ata biyu. Injin casa shi ke ciyar da ni, kalangu shi ke sa a san ina raye. Duk shekara ba sa faɗa da juna sai kaka ta yi. Da an yanke shinkafa a fadama, kowane manomi so yake a yi masa casa yau-yau, kuma a daidai lokacin ne duk wanda ya ga amfani a rumbu yake tuna yana da ɗa ko 'ya da za a aurar. Da rana ina cikin ƙaiƙayi, da yamma ina filin biki. Gida kuwa, matata Asabe ta ce in dai kaka ce, ta fi ganin rigata a kan igiyar shanya fiye da ni a cikinta.

Bana abin ta gida ya biyo mini. 'Yata ta fari za a kai ɗaki ranar Asabar. Nas ce a asibitin garinmu, ita ta zaɓo mijinta da kanta, wani malamin makaranta mai yawan gaisuwa. Kada kowa ya tambaye ni sunanta. Mu irin na da ne, ba ma kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa shi ban taɓa furta shi ba, Asabe ma haka. "Babbar" muke cewa, ko "waccan". Mahaifiyata Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta raine ta, ita kuma ta kafa mana dokar. Ranar da ta kama ni ina leƙen fuskar jaririyar, sai da ta bi ni da muciya har ƙofar gida.

Ga inda matsalar take. Kalangu ba ya raka amarya sai ya kira sunanta. Ka matse tsirkiya a hammata, ka saki, fatar ta faɗi sunan sarai, kowa a fili ya ji. Makon jiya Babbar ta same ni a bakin inji da fararen kayanta, ta durƙusa cikin ƙaiƙayi, ta ce, "Baba, duk 'yan matan garin nan kai ka raka su da kiɗa. Ni ma kai nake so." Ni kuwa jarumin maza, sai na ƙara wa inji wuta, na nuna kunnena, wai ba na ji. Da yamma wani manomi, Alhaji Bawa, ya zo neman a yi masa casa ranar Asabar ɗin, shinkafarsa tana jibge a fadama, ga damina ba ta gama bankwana ba. Ban bari ya rufe baki ba na ce na karɓa. Da waɗannan biyun na kwanta jiya.

Sai na gan ni a fadamar Alhaji Bawa da rana tsaka, amma ranar ba ta da zafi, kamar an wanke ta an shanya. Shinkafa jibge har ta fi rimin bakin kasuwa tsawo. Na murɗa inji ya tashi, na fara cusa masa dami. Sai kawai maimakon shinkafa, kiɗa ya riƙa zubowa ta bakinsa. Ba jin sa kawai nake ba, ganin sa nake, yana gangarowa kan tamfol, launinsa kamar na zuma. Taken mahauta ya fito, taken sarkin noma ya fito, har da taken wani direba da ya rasu tun haƙorana suna cike. Alhaji Bawa ya tara buhu, yana ɗurawa yana ɗinkewa da basilla, ko a jikinsa. Buhunan suna jere suna motsi, kowanne yana kiɗansa ƙasa-ƙasa. Ya ɗago kai ya ce, "Tanko, bana ta yi auki?" Na buɗe baki in ba shi amsa, hayaƙin gas ne ya fito.

Sai kawai na ga injin ya yi fata gaba da baya, bel ɗinsa ya zama tsirkiya, ni kuma na rataye shi a hammata ina tafiya da shi. Injin da sai ƙarti sun taru suke ɗora shi a amalanke. Ba nauyi ko kaɗan, sai dai zafi, da baƙin mai da ke ɗiga a kan babbar rigata ta Sallah, wadda ban san lokacin da na sa ta ba. Na ce a raina, yau Asabe za ta cinye ni ɗanye.

Ina faɗin haka sai ga ni a tsakar gidana. Gidan ne, amma ba shi ba ne. Shinkafa ta tsiro a ɗakin kwana har kan gado, awakina suna zaune a kan tabarmar baƙi, sun naɗe ƙafa suna jiran a gaishe su. Asabe ta ɗora tukunya a kan injin da ke hammatata, tana tuƙa tuwo, duk inda na juya sai ta biyo ni da muciya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, a zubo maka, ko sai an gama kaka?" Na ce a ajiye. Sai ta buɗe ƙofar rumbu, na ga kwanukan tuwo jere tun daga ƙasa har rufi, kowanne a rufe, kowanne yana tururi. Ta ɗora na yau a sama, ta ja ƙofa. Ba ta yi fushi ba. Wannan ne ma ya ba ni tsoro.

Sai kawai katangar gidan ta kwanta, fadama ta dawo. An yanke wata siririyar hanya a tsakiyar shinkafa, amare sun yi layi a kanta, ba a ganin ƙarshensa. Duk amaren da na taɓa yi wa kiɗa ne. Wasunsu na san yanzu da jikoki suke, ɗaya ma ita ke sayar mana da kunu a bakin inji, amma a nan duk lallensu ɗanye ne, ko'ina ƙanshin turaren wuta. Injin ya ɓace, kalanguna na gaskiya ne a hammata, gular kiɗa a hannu. Kowacce ta zo gabana ta tsaya, na kira sunanta da fata, Ladi, Hansai, Kulu, Talatu, ta yi juyi ɗaya, ta shige cikin shinkafa, ganye ya rufe bayanta. Babu mai guɗa, babu mai tafi. Wata murya ce dai daga sama, irin ta mai sanarwa a tashar mota, tana cewa, "Ta gaba. Ta gaba."

Hannuna yana ta aiki, daɗi nake ji, har da ɗan tsalle irin na tsohon da ya manta da gwiwarsa. Sai layi ya ƙare, saura ɗaya. An lulluɓe ta da zanen saƙi har ƙasa. Na duba ƙafarta, lalle ya leƙo ta saman farin takalmin asibiti.

Muryar ta ce, "Ta gaba." Na ce mun tashi. Muryar ta ce, "Ta gaba." Na duba hannuna, gular ta zama sifana. Wallahi har na ji sanyi a raina, na ce to ga uzuri ya samu, ba a kiɗa da sifana. Na durƙusa ina neman abin da zan kwance, na laluba ƙasa, na laluba gindin shinkafa, fadama guda babu noti ko ɗaya. Amarya tana tsaye, ba ta matsa ba. Numfashinta kawai ke ɗaga zanen yana sauke shi.

Sai na ji ƙaiƙayi yana zubo mini a ka. Na ɗaga kai, ga rumbu a tsakiyar fadama, ga Inna a kansa ta miƙe ƙafa tana shiƙa da ƙwarya. Yarinya ce shar, ta fi Asabe ƙuruciya, haƙoranta jawur da fure, amma muciyar nan tana ajiye a gefenta. Na ce, "Inna, kin ga abin da ake so a sa ni?" Ta ci gaba da shiƙarta. Na ce, "Inna, ke fa kika hana." Ta zuba ƙwarya ɗaya, iska ta kwashe ƙaiƙayin. Can, ba ni take kallo ba, ta ce, "Bakinka na hana, Tanko. Hannu kuwa ban san zancensa ba." Ta ƙyalƙyale da dariya. Amma tana cikin dariyar sai ta wurgo faifai, ya zo ya kife a kan fatar kalangun daidai, kamar an auna. Ta koma shiƙarta.

Sai kawai gabas ta haɗe. Hadari baƙi ƙirin, ya sauko ƙasa-ƙasa har yana gogar kan rumbu. Alhaji Bawa ya taho a guje cikin ruwa iya gwiwa, buhu a kansa, yana ihu, "Tanko! Alkawari! Shinkafa za ta tsira a jibge!" Bayansa injin ne ke biyo shi da kansa, a kan ƙafa huɗu kamar saniya, yana kuka, bakinsa a buɗe yana neman dami. Ya zo ya tsaya a damana. Amarya tana haguna. Yayyafi ya fara sauka a kan zanenta, kowane ɗigo sai ya bar tabo. Fatar kalangu kuwa ba ta shiri da ruwa, in ta jiƙe ko sunan kaza ba za ta iya kira ba.

Na sa hannu na ɗage faifan. Sifanar ta lanƙwashe da kanta ta koma gula. Na matse tsirkiya har haƙarƙarina ya yi ƙara. Na saci kallon sama, Inna ta juya mini baya, ko don kunya, ko don kada ta gani dole ta hana, oho. Na sauke gula. Fata ta ɗauki farkon sunan. Fadama ta yi tsit, inji ya haɗiye kukansa, ruwan ma ya tsaya cik a iska bai iso ƙasa ba. Sai hannu ya fito daga cikin zanen, ya kama bakin lulluɓin, ya fara ɗagawa.

Nan na farka. Gari har ya fara haske. Kalangun da nake ratayewa a ƙusa saman gado, ga shi a hammatata, ga gula a hannuna, gumi duk ya jiƙa ni. Asabe tana zaune a kan darduma a bakin ƙofa, carbi a hannunta amma ba ta ja.

Na ce, "Lafiya kike kallona kamar na tsiro ƙaho?"

Ta ce, "Tsoho da kai, kiɗa da asuba. Har zakaran maƙwabta sai da ya saurara maka."

"Me na kaɗa?"

"Ka fi ni sani."

"Wallahi barci nake. Taken mahauta ne?"

"Ba shi ba ne."

"To na wa?"

Ta ja gefen mayafi ta kare fuska kamar ranar da aka kawo ta gidan nan, ta ce, "Ni za ka sa in faɗa? Allah ya sawwaƙe." Ta naɗe darduma ta fice.

Na ɗaga murya na ce, "To duka na kaɗa ko rabi?" Ƙarar murfin tukunya kawai na ji.

Da na fito da buta, ga Babbar tana shara a tsakar gida. Ta ɗauki hutu saboda shirin biki, kuma ɗakin da take kwana bango ɗaya ne da namu. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana." Kullum iyakarta ke nan. Yau sai ta ƙara da cewa, "Ya hannu?" Kanta a ƙasa, kafaɗunta suna rawa, ko dariya ce ko kuka ban tsaya tantancewa ba. Na faɗa bayan gida da butata, ban fito ba sai da na ji tsintsiya ta yi nisa.

Yanzu ina bakin inji nake wannan rubutu. Alhaji Bawa ya biyo ɗazu ya ce ya riga ya sayi gas na ranar Asabar, kuma gabas ɗin nan ba ta ba shi kwanciyar hankali. Gaskiyarsa ce, ni ma na duba ta.

To masu sanin mafarki, ku taimaki ɗan aji uku. Maganar Inna izini ce, ko faifan da ta kife shi ne ainihin amsarta? Me ya sa ta juya mini baya? In kuma da gaske na riga na kira sunan cikin barci, kowa a gidan ya ji sai ni, to ranar Asabar wa ya rage nake jin kunya?