Fararen Duwatsu Biyu a Tudun Malbaza

Akwai abin da ya same ni a kan wani tudu kusa da Malbaza, wanda ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin zai tafi da shi. Shekaru sun ja, amma duk ranar da na tuna sai kunya ta rufe ni kamar yau abin ya faru.

Lokacin ina shekarar farko a jami'a, muna koyon ilimin duwatsu da yanayin ƙasa. Wata rana malaminmu ya ce karatun bakin teku ba ya shiga kai a cikin aji, sai an fita an gani da ido. Muka yi ta murna, wasu har sun fara zancen Kwatano. Sai ga mota ta sauke mu a dajin Malbaza, babu komai sai ƙaya da rana da manyan motocin siminti suna wucewa can nesa. Ni ɗan Ƙonni ne, kuma a lokacin bakina ba ya rufuwa, don haka ni na fara magana.

"Malam, teku a nan? Mu da ruwan rijiya ma sai an wahala?"

Malam ya sa guduma ya ɓalli wani farin dutse a bangon kwazazzabo ya miƙo mini. Na duba, sai ga bawon katantanwa kwance a ciki, ya zama dutse. Ya ce a zamanin da can ruwan teku ya taɓa rufe wannan ƙasa, kuma farin dutsen da ake siminti da shi laka ce da bawon halittun ruwa da suka kwanta suka daskare. Daga nan ya ce mu watse, kowa ya nemo abin da zai nuna inda gaɓar tekun nan ta tsaya.

Na ce a raina ƙasarmu ce, ba zan bari ɗan Yamai ya riga ni ba. Kowa ya bi kwari, ni na haye tudu. Saman tudun fako ne, jajayen duwatsu ko'ina, duk iri ɗaya. Na yi ta yawo ba tare da na lura da inda nake bi ba, can sai na ci karo da fararen duwatsu biyu a tsakiyar jajayen, cike da bawo. Ɗaya kudu, ɗaya arewa, tsakaninsu bai wuce taki ɗaya ba. Nan take na yanke hukunci: igiyar ruwa ce ta jefo su nan, ke nan na gano gaɓa. Na tumɓuke su, na rungumo, na gangaro da gudu.

Da aka taru a gindin wata aduwa, ni na fara tashi. Na fasa babban da guduma don kowa ya ga cikinsa, na shiga zuba bayani da Faransanci, har da nuna yadda igiyar take bugawa da hannu. Malam ya ɗaure fuska ya tambaye ni ko a jikin tudun na ɓallo su, ko kuwa a ajiye na same su. Ban kai ga amsawa ba sai ga wata dattijuwar Bafulatana, wadda muka sayi nono a wurinta da safe, ta dawo daga ƙauye za ta koma ruga. Ta tsaya, ta sauke ƙwaryarta a hankali, idonta a kan gutsattsarin da ke gabana.

"Yaro, ina ka ɗauko wanga dutsi?"

"Bisa tudu, Inna. Karatu mukai da shi," na ce, ina murmushi.

"Guda ka ɗauko, ko duka biyun?"

Na nuna mata ɗayan. Ta dube shi, sannan ta ce, "Ɗiyata ta a can kwance. Ni na ɗauko su daga kwari bisa kaina, don farare na, in mun dawo da shanu in gane wurin."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ni da na sha zuwa maƙabarta tun ina yaro, na ga dutse a kudu da dutse a arewa ban gane kabari ba ne. Gajartar wurin ce ta ruɗe ni, ban kawo yarinya ƙarama a raina ba, ga kuma zumuɗin in burge mutane.

Malam bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ya dakatar da darasi, ya jera mu duka, muka hau tudun muna neman gurbin duwatsun. Amma fako ba ya riƙe sawu, kabarin kuma ruwan damina ya daɗe da baje shi. Dattijuwar ta san yankin, sai dai da fararen duwatsun take gane ainihin wurin. Duk inda na duba sai in ga kamar nan ne, in na matsa gaba in ga wani wurin da ya fi kama.

Rana ta yi sanyi sannan na tsaya a kan wasu 'yan ramuka biyu marasa zurfi. Ta zo ta tsaya kusa da ni.

"Ka tabbata nan na?"

Duk ajin suna kallona. Na so in ce e, a wuce wurin, amma bakina ya kasa. Na ce, "Inna, ina zato. Ban tabbata ba."

Ta gyaɗa kai ta ce in ajiye. Na durƙusa na sa lafiyayyen a arewa, na harhaɗa fasasshen a kudu. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, ai ban sani ba. Sannan ta ce, "Addu'a tana iske ta ko'ina take. Ni dai nika son in san inda zan tsaya."

Ta tsaya a nan ta ɗaga hannu, muka ɗaga tare da ita, babu ɗayanmu da ya san ko a kan yarinyar muke.

Yanzu ni ma nakan fita da ɗalibai daji, kuma ba na barin kowa ya taɓa guduma sai mun gaisa da mutanen wurin, mun tambaye su abin da ke nan. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk tsufan dutse, kafin ka tambayi abin da teku ya yi da shi, fara tambayar ko akwai wanda ya ajiye shi. Har yau ban sani ba ko waccan uwa a kan kabarin ɗiyarta take tsayawa.