Ɓarawon Sabar Alhaji

Chale, ku saurara, yanzu haka ana karanta min Yasin!

Da safe na zo shiga sabar Alhaji Mumuni ta SSH, wato kwamfutar nesa mai riƙe da shafin kantinsa na Makola. Ta ƙi ni! Na yi ta gwadawa, sai ta rufe ruf. Sai ga saƙo daga manhajar gadin da na ɗora mata: wani na ƙoƙarin kutsawa, an toshe shi.

Na kira Alhaji ina hura hanci: "Baba, ɓarawo ya kawo hari, amma tarkona ya kama shi!"

Ya ce, "Bar ni da shi, yanzu zan tara malamai."

Na leƙa shafin kamfanin da muke hayar sabar, in ga adireshin intanet ɗin ɗan banzan. Na ɗakina ne a Nima! Ashe ban sa makullin shiga sabar a sabuwar kwamfutata ba. Ni ne ɓarawon!

Na sake kira, Hajiyarsa ta ɗauka: "Suna masallaci, har sun fara."

Ina cikin motar trotro zuwa masallacinsu a Kotobabi. Ku taya ni addu'a in isa kafin su shafa!