Ranar da na zuba garuruwa uku a gwangwani ɗaya

Na daɗe ina son rubuta wannan abu ina fasawa. Sau da yawa nakan fara in goge, don ina tsoron kada in ƙara abin da bai faru ba, ko in rage wa wani haƙƙinsa. Karatuna ma a firamare ya tsaya, maganar kwamfuta ba tawa ba ce. Amma wata buƙata ta taso mini a kwanakin nan, shi ya sa na daure. In kun ga kuskure ku yi mini uzuri.

Shekarun baya, lokacin jiharmu tana sabuwa kuma ba a daɗe da fara shari'a ba, ina aiki a wani gidan burodi a Kaura Namoda. Ni ba na murza fulawa, ba na tsayawa bakin tanda. Aikina shi ne in lura da burodin da ya fita da wanda ya dawo, ƙarshen mako in rubuta wa maigidanmu, Alhaji, rahoto. Muna da motoci biyu. Ɗaya tana zuwa Shinkafi, ɗan ƙanwar Alhaji ne ke janta. Ɗayar, tsohuwar a-kori-kura, tana zuwa Zurmi da ƙauyukan gefenta, abokina ne ke janta, wanda muka taso unguwa ɗaya. Cikin garin Kaura kuwa masu shayi da masu kanti su suke zuwa su ɗauka da hantsi.

Rahotona na lokacin, in na tuna shi yanzu, dariya yake ba ni. Saboda tsoron kada in zalunci wani, komai sai na sa. In an yi ruwa in rubuta, in taya ta fashe in rubuta, in mai shayi ya tafi suna bai buɗe ba in rubuta. Kowane mako da irin fasalinsa, wani in fara da Zurmi, wani in fara da labarin tanda. Alhaji yakan juya takardun ya ce, "Kai wanga rahoto naka, in na fara shi da hantsi sai la'asar ban kai inda burodi yake ba." Sai ya ajiye. Daga baya na gane bai taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba.

Abin da yake gani da idonsa shi ne tarin burodin da ke dawowa daga Zurmi, ya jiƙe a cikin leda, wani har ya fara tsami. Kullum haka. Ya yanke a ransa cewa abokina yana ajiye motar a rana ne ya zauna hira. Shi kuwa ɗan ƙanwarsa bakinsa da zaƙi, in ya dawo sai ya zauna kusa da Alhaji ya ba shi labarin kasuwa har ya yi dariya, ba wanda ke duba bayan motarsa. Wata rana Alhaji ya kira ni ya ce, ƙarshen wata zai duba rahoton Zurmi, in abin bai canza ba zai rufe hanyar ya sallami direban. Abokina yana da mata da 'ya'ya, ga mahaifinsa kwance.

A daidai wannan lokacin ne ɗiyar Alhaji, wadda ke karatu a kwalejin fasaha ta garinmu, ta sa ya sayo kwamfuta ta hannu da injin buga takarda aka kafa a ɗan ofishin da ke gefen sito. Ta ce ta gaji da ganin mahaifinta yana tafiyar da kasuwanci da abin da ido ya hango kawai. Ta yi kwanaki tana zama gabanta in an kawo wuta ko an ta da janareto, sannan ta kira ni.

"Kawu, zo ka ga aikinka," in ji ta. Haka take kirana duk da ba mu haɗa dangi ba.

Ta nuna mini shafi ɗaya da aka riga aka tsara. Sama wurin sunan gari, ƙasa da shi ranakun mako a jere, kowace rana da gurbinta, amma duk babu komai ciki. Ta ce wannan shafin sau ɗaya ake gina shi, ba a sake ginawa. Ni dai in riƙa zuba mata abin da ya fita da abin da ya dawo kowace rana a wani gefen, in na zaɓi gari in danna, shafin zai cika kansa. Ta zuba na 'yan makonnin baya, ta zaɓi Kaura, ta danna. Ina kallo wasu sanduna suka miƙe a kan kowace rana, koraye shar, kamar an shuka su. Na ja da baya har na buge kujera.

Na ce, "Wa ya zana su?"

Ta yi dariya. "Kawu, gwangwanin burodi nawa kuke ƙerawa kullum?"

"Ba mu ƙerawa. Na jiya ne na yau."

"To shi ke nan. Wannan gwangwani ne. Kwaɓin ne sabo."

Wallahi sai a lokacin abin ya shiga kaina, kuma tun daga ranar ban san shi da wani suna ba sai gwangwani. Ta faɗa mini sunansa na Turanci, bai zauna ba. Ta bayyana mini cewa in burodin da ya dawo kaɗan ne a kan wanda ya fita, sandar kan zama kore, in ya yi yawa ta koma ja. Na yi ta mamakin yadda abin da ba shi da ido ya san yawa da kaɗan.

Mamakin bai daɗe ba tsoro ya biyo shi. Na duba shafin sama da ƙasa, ban ga inda zan rubuta an yi ruwa ba, ban ga inda zan ce motar tsohuwa ce ba. Na ce mata ta taimaka ta buɗe mini ɗan wuri a ƙasa inda zan sa "amma".

Ta ce, "In na buɗe wa Zurmi wurin amma, sai na buɗe wa Shinkafi. Kuma ka san wa ya fi iya amma a gidan nan."

Na sani kuwa.

Lokacin kuwa ko'ina ka zauna maganar mudu da awo ake yi, a rediyo da masallaci, ana cewa a daina bubbuga gindin mudu, a daina tauye wa mutane. Ana kuma yawan jan kunne a kan shaidar zur. Ni da ko ba a yi wa'azi ba nake sake alwala in na yi kokwanto, sai abin ya dame ni. In na zuba gaskiya, na'ura za ta yi wa abokina ja, kuma hannuna ne ya danna. In na rage ko ɗaya, na yi ƙarya a kan amanar da aka ba ni. Abinci ya daina shiga. Mahaifiyata ta lura, na gaya mata komai. Ta ce, "Kai tun kana yaro in anka aike ka sayen gishiri sai ka dawo ka tambaya ko fari anka ce. Mi ya kai ka rigima da ƙarfe? Ka zuba abin da ka gani, ka bar wa Allah sauran."

Abokina ma na same shi yana wanke mota na faɗa masa. Ya matse tsumma ya ce, "Kak ka kuskura ka shiga wuta don ni, ba ni da ruwan da zan kashe maka ita. Rubuta yadda yake. Amma in anka kore ni, gidanku zan riƙa cin tuwo, ka gaya wa Inna ta ƙara gero." Ya yi dariya, ni na kasa.

Kafin ƙarshen watan ɗiyar Alhaji ta tafi wani aikin makaranta a Gusau, ta bar ni da kwamfutar. Na yi ta zuba lambobin kullum yadda ta koya mini, da yatsa ɗaya, ina dubawa ina sake dubawa. Ranar da Alhaji ya ce a kawo masa takardar Zurmi, na shiga ofis bayan azahar, na yi bisimilla, na zaɓi Zurmi, na danna. Sanduna suka miƙe jajaye, rana bayan rana. Guda ɗaya ce kawai kore a cikinsu.

Sai halina na kullum ya motsa. Na ce a raina, wa ya sani ko na'urar ta lalace ne tunda mai ita ta tafi, ko yanzu kowa ja take yi masa? Kafin in kai wa Alhaji abin da zai raba mutum da abincinsa, bari in gwada. Na cire Zurmi na sa Shinkafi a wannan shafin dai. Sandunan suka sauka suka sake miƙewa koraye, sai guda ɗaya ja. Na sa Kaura, duk kore. Na'ura lafiyarta ƙalau ke nan, kuma na ji kamar na ƙara wa abokina nauyi ne. Na so in kai ta Zurmi kaɗai tunda ita aka tambaya, sai kuma na ji tsoron kada barin sauran ya zama ɓoye shaida. Na buga duka ukun.

Alhaji yana zaune a kan tabarma a ƙofar sito, direbobin biyu suna gefe. Na miƙa masa takardun. Ya ce, "Ɗaya na ce, ka kawo uku. Kai dai ba ka iya gajarta komai ba." Ya shimfiɗa su a tabarma gefe da gefe. Saboda duk fasalinsu ɗaya ne, kowace rana ta zauna daidai da 'yar uwarta. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗora yatsa a kan koriyar sanda ɗaya ta Zurmi, ya ja yatsan zuwa jar sanda ɗaya ta Shinkafi. Rana ɗaya ce.

"Mi anka yi ranar Alhamis?" ya tambaya.

Ɗan ƙanwarsa ya ce, "Kasuwar Shinkafi mana, Kawu. Ranar ni ka fara lodi."

"Sauran ranakun fa?"

Abokina ya ce, "Ni ne, Alhaji. Daga masallaci nan nika yowa."

Alhaji ya cire tabarau ya ce, "Innalillahi." Ya kalli ƙofar tanda, ya kalli abokina. Ya ce duk wanda ya fara lodi, burodin da aka fitar yanzu-yanzu ake zuba masa a leda da zafinsa, ya yi gumi a hanya, kafin dare ya jiƙe. Wanda ya makara kuwa yana samun wanda ya huce. Shi da ya yi shekaru a sana'ar ya san haka tun yana yaro, amma bai taɓa haɗa shi da motar Zurmi ba, don ba a taɓa ajiye masa garuruwan a ma'auni ɗaya ba.

"Ashe sammakonka ne ya so ya kore ka," ya ce wa abokina. Ya juya ga ɗan ƙanwarsa. "Kai kuma barcinka ya yi ta rufa maka asiri."

Ɗan ƙanwar ya ce, "To Kawu ka gani, dama na faɗa barci rahama ne." Alhaji ya jefe shi da hula.

Ni ina tsaye ina kallon takardun. Na'urar nan ba ta san tanda ba, ba ta san leda ba, ba ta taɓa jin ƙanshin burodi ba. Ni da na zuba lambobin ban ga komai ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta ƙi canza gwangwani don kowa, ɗan ƙanwa ko bare. Tun daga makon aka sa doka ba a ɗaure leda sai burodi ya huce. Sandunan Zurmi suka koma koraye ina kallo, mako bayan mako, a wannan shafin dai da ba a sake ginawa ba. Abokina ya ci gaba da jan motarsa har ta mutu aka sayo wata. Har yau in mun haɗu yakan ce na hana shi cin tuwon gidanmu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, shekaru na yi ina cika takarda da "amma" don in kare mutane, ashe amman nan tawa ce take rufe abin da zai wanke abokina. Har yanzu in na tuna yatsan Alhaji yana tafiya daga takarda zuwa takarda, sai in ji kamar ranar nake.

Ga dalilin da ya sa na yi rubutun. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, gidan burodin ya watse, ɗiyarsa tana aure nesa kuma ina jin nauyin in dame ta. Yanzu ina da ɗan gidan burodina, da mutum biyu masu kai mini kaya a babur. Burodin ɗaya yana yawan dawowa, ɗayan kuma ya iya zama kusa da ni ya ba ni dariya. Shekaranjiya na ji zuciyata ta fara yanke hukunci, sai na tsorata. Don Allah wanda ya san yadda ake samun irin wannan gwangwanin a waya, wanda mai karatun firamare zai iya zuba masa lamba da yatsa ɗaya, ya faɗa mini sunansa da yadda ake kafa shi. Na yi alkawari ba zan ce wa kowa komai ba sai na ga su biyun gefe da gefe.