Sunan da Mai Agogo Ya Cire wa Autarsa

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Mai Agogo, ni ina fotokofi, shi yana ƙarƙashin matakalar bene da ɗan teburinsa mai gilashi, amma sai ranar da ya kawo mini takardun autarsa na san ɗan wane gida ne. Na dubi sunan, na dube shi, na leƙa allon da ke bakin titi. Suna ɗaya ne.

"Kai, Malam! Ashe a titinku muke cin abinci?"

"Kakan babana ne," ya ce. "Yi mini bibbiyu."

Gidan nan ba wanda bai san shi ba. Sun yi ministoci, sun gina asibiti, an ce a da ba a ba kowa muƙami a garin sai sun gyaɗa kai. Sai dai ita dukiyar, wani ɗaki ta bi, ɗakinsu Mai Agogo suna kawai ya samu. Babansa direba ne. Shi kuma ya kama gyaran agogo daidai lokacin da mutane suka koma duba lokaci a waya. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ban kuma taɓa ganin haƙoransa ba. Ya zo, ya maƙala gilashi a ido, ya tashi.

Autar tasa karatun jinya take so, kuma akwai gurbin kyauta da ake ba 'ya'yan marasa ƙarfi. Sau biyu tana cin jarrabawa, sau biyu ana mayar da ita a wajen ganawa. A na biyun har dariya suka yi mata: "Haba 'yar manya, ki bar wa talakawa mana." Shekarunta kuma sun zo iyaka, in bana ta wuce shi ke nan.

Ni da shegen bakina na ce ya je babban gidan. Ya sa rigarsa ta fita kunya ya je. Mai gadi ya shiga da sunansa, ya fito ya ce ya rubuto wasiƙa.

Sai ya ɗauki yarinyar suka tafi kotu yin takardar rantsuwa ta canjin suna. Ita ta ba ni labari. Magatakarda na ganin sunan ya miƙe, ya jawo kujera, har da ruwan sanyi. Da ya ji abin da ya kawo su, ya koma ya zauna.

"Ranka ya daɗe, wannan sunan za a cire? Mutane nemansa suke yi."

"Cire shi. Ka bar mata nawa kawai."

Aka buga sanarwa a jarida. Ya sayi jaridar, ya ajiye ta a kan tebur kusa da wayarsa har sati guda. Ina jin jira yake wani daga babban gidan ya kira, ko da zaginsa ne ya yi. Ba wanda ya kira. Ni abin ya ƙona mini rai, shi ko a jikinsa.

Ta sake neman gurbin da sabon sunan. Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka, na rufe shago na bi su makarantar. Ya tsaya gaban allon, ya bi layin da yatsa daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Ya juyo.

"Mu tafi, auta. Babu."

Ta kama yatsan nasa ta ɗora a kan layi na huɗu.

"Ga ni nan, Baba."

Ya daɗe yana kallon wurin.

"To," ya ce. "Ban gane ki ba."