Cinyar da Ba Ta Ciwo

Matso kusa ka ji, amma ka rage murya in za ka yi dariya. Wannan magana ko maiɗakina ban faɗa wa ba, don in ta ji da hantsi, kafin la'asar unguwarmu ta Ƙofar Marke kaf ta ji.

Ni tela ne. Kekena yana zauren gidanmu, kuma tafiyata mafi nisa a yini ita ce daga zaure zuwa masallaci, daga masallaci zuwa wurin mai ƙosai. Firamare na tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Ina kan keke, kaina a sunkuye, nakan san wanda ya wuce a lungu daga takunsa kawai. Mutum irina ba shi da abin yi da gudu. Yayana ne ya ja ni.

Yaya tsohon direban tirela ne, shekaru yana ɗaukar siminti daga Kalambaina zuwa ko'ina. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hagu, ya kwanta watanni, Allah ya tashe shi. Ya warke, amma unguwa ta ƙi yarda ya warke. Duk inda ya bi, "Sannu Alhaji, ya jiki?" A masallaci a turo masa kujera. Ya ɗauki buta, wani ya karɓe. Wata rana yana zaune a zaurena mutum uku suka yi masa ya jiki a jere. Da na ukun ya wuce sai ya dube ni ya ce, "Auta, mutanen ga sun riga sun yi mani wanka. Likkahani kaɗai yar rage, kai za su ba ɗunki."

Da likita ya ba shi izinin motsa jiki, sai ya shiga cikin masu gudun safe da ke haɗuwa a filin wasa bayan asuba. Sun kai ashirin: malaman makaranta, 'yan kasuwa, da wata ma'aikaciyar asibiti da kowa ke kira Nas. Shugabansu tsohon soja ne, Kofur ake ce masa, mutum mai murya kamar ana jan ƙofar kwano. Innarmu da ta ji, sai ta aiko a kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba. "Bi shi," ta ce. "In ya hwaɗi, ya zan kana kusa."

To ka ji yadda na zama mai gudu. Mai gadi aka ɗauke ni.

Wata tara muka yi. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa son abin ba ko na yini ɗaya. Sauran sukan ce gudu yana wanke kai, ni dai gwiwa yake ci mini. In na dawo na hau keke, ƙafar da zan taka da ita rawa take yi, ɗinki ya karkace in farke. Abin da ke riƙe ni kawai shi ne sauraron ƙafar Yaya. Dama takan ce tak, hagu ta ce shaa, don jan ta yake yi. Tak, shaa. Tak, shaa. Wata bayan wata wannan shaa tana gajarta, ni kaɗai na sani, ko shi bai sani ba.

Sai ran nan Kofur ya tara mu ya ce wasa ya ƙare, za mu yi babban gudu, irin na kilomita arba'in da biyu da ake nunawa a talabijin. Shi da wani malami sun auna hanya da babur da waya: daga filin wasa, a ratsa gari, a miƙe hanyar Kalambaina har a wuce ta, a juyo daga wata tsamiya a dawo. Nas ta sa sharaɗi ɗaya. Ƙarfe goma sha biyu gudu ya ƙare, don ranar Sakkwato bayan nan ba abokiyar wasa ba ce. Duk wanda lokacin ya iske bisa hanya, bas da ke biye da mu za ta kwashe shi, ko saura taku goma ne.

"Kun san sunan wanga gudu da Hausa?" in ji Kofur. "Gudun yada-ƙanin-wani." Ya nuna ni da baki. "Ga kuwa ƙanin wani nan Allah ya kawo muna har gida."

Aka kwashe da dariya. Yaya bai yi ba. A hanyar komawa ya ce mini shi ba lamba yake so ba, ba na ɗaya yake so ba. Yana son ya shigo filin nan da ƙafarsa kafin sha biyu, mutanen unguwa suna kallo. "In sunka ga haka, su nemi wata gaisuwa."

Ranar Asabar ce, cikin sanyi. Muna idar da sallar asuba Kofur ya busa usur. Farkon tafiyar har daɗi ta yi. Muka bi ta wajen Hubbare, baƙi masu ziyara suna fitowa daga masauki da butoci, suna kallonmu. Wata tsohuwa ta tambayi na kusa da ita, "Mi yab biyo su?" Aka ce mata babu komai. Ta ce, "To Allah shi ba su lahiya."

Muka fita gari. Masu ƙarfi suka ɓace mana tun kafin rana ta ɗaga, aka bar ni da Yaya da bas can baya tana tafiyar hawainiya. Manyan motoci suna wucewa, wasu direbobin sun san Yaya, sukan danna hon har cikina ya kaɗa. Shi kuwa hannu kawai yake ɗagawa, bai ko waiwaya. Muka wuce gonakin da aka girbe, da fadama can ƙasa ana ban ruwa. A tsamiya wani malami ya sa mana alamar tawada a hannu, ya miƙo ruwa da dabino. Muka juyo.

Daga nan abin ya fara ɓaci. Ba wani ciwo ba ne da zan nuna maka da yatsa. Gajiya ce kawai, irin wadda take shiga har cikin haƙora. Tafin ƙafata kamar na taka garwashi, rigata ta bushe ta yi farin gishiri. Na daina gudu na koma sassarfa, na daina sassarfa na koma tafiya. Yaya ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, ya jira ni. Ya sake gaba, ya sake tsayawa. Kuma duk tsayawar da zai yi, in ya tashi, sai in ji shaa ɗin nan ta ƙara tsawo, don ƙafar tana sanyi ne in ba a motsa ta. Wanda aka aiko gadi shi ya zama kaya.

Kofur, da yake zagaya mu a kan babur yana duba na baya, ya tsaya kusa da mu ya kalli agogo.

"Alhaji, goma ta wuce da kwata. Saura kilomita sha biyu. In kai ɗaya na, kana kaiwa. In da wanga buhun gero na, sai azahar."

"Tai abinka, Kofur."

"Gaskiya nika hwaɗa maka."

"Na ji. Ba ni yada ƙanena bisa titi. Inna ta ba ni shi tun yana goye."

Ka ji fa. Ashe kowa a cikinmu yana ganin shi ne mai gadin.

Na ce, "Yaya, ka tai, ina biye."

Ya ce, "Rufe mani baki ka ɗaga ƙahwa."

To a gidanmu ƙane ba ya maimaita wa wansa magana. Muka ci gaba. Ina tafiya ina auna kaina, kuma ga gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba: da sauran ƙarfi a jikina. Ba na gudu ba, amma da an bar ni da tafiyata da na kai, ko da ƙarfe ɗaya ne, ko da filin ya watse. Har na fara jin ina son in kai ɗin, ni da ban taɓa son abin ba. Wata tara ba kwana tara ba ne.

Na waiwaya, bas tana nan tafe. Sai na dafe cinyar dama, na kurma ihu, na zube a gefen titi.

Ban san na iya wasan kwaikwayo ba sai ranar. "Wayyo jijiya! Jijiya ta tsinke!" Yaya ya durƙusa a kaina. "Mis same ka? Auta! Ina ne?" Bas ta tsaya, Nas ta sauko da jakarta. Ta matsa cinyar nan, ta matsa can, ta lanƙwasa gwiwar. Sannan ta ɗago ta kalle ni cikin ido, kallon da ya daɗe kaɗan. Na kau da kai.

"Wanga ba ya ƙara taku ɗaya yau," ta ce. "Ku kama mani shi."

Aka sa ni a kujerar gefen taga. Sai ga Yaya ya sa ƙafa a matakalar bas zai shigo. In ya shiga, na yi faɗuwar banza. Na manta da ladabi, na manta da komai.

"Yaya, in ka shigo motar ga, gobe ba wanda za ya ce Auta yag gaza. Cewa za a yi ciwonka na yad dawo."

Ban taɓa ambata masa ciwon a fuskarsa ba sai ranar. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya kalle ni kamar na mare shi. Ya sauke ƙafar, ya juya, ya kama hanya.

Sauran hanyar a bayansa muka yi ta, don shi ne na ƙarshe a titi. Mu biyar ne a bas, har da waɗanda suka sare a hanya, kowa ya yi lamo, wani yana amai a leda. Na zuge gilashi na kasa kunne. Tak, shaa. Tak, shaa. Rana ta zo tsakar ka, kwalta tana ƙyalli. Sau biyu ya yi tangaɗi, Nas ta miƙe tsaye, ya daidaita. Ni kuwa ina zaune da ƙanƙara a kan cinyar da ba ta ciwo, ina jin wata gajiyar da ta fi ta gudu.

Ya shiga filin saura 'yan mintoci. Ban ga shigarsa ba, bas ta tsaya neman wurin ajiyewa. Ihu kawai na ji, da usur ɗin Kofur, da muryar mai ƙosan unguwarmu tana guɗa. Aka rataya masa lambar tagulla da igiyar da ni na ɗinka. Guda ashirin da biyu na ɗinka, har da tawa.

Na ɗauka magana ta ƙare nan. Ina!

Yau mako uku ke nan, kullum bayan la'asar sai Yaya ya shigo zaure da kwalbar man zafi. Ya sa ni in miƙe ƙafa a benci, ya naɗe hannun riga, mutum mai jikoki, ya yi ta murza mini cinya har fatar ta yi ja. Dole nake ɗingishi in na ji takunsa a lungu, kuma sau ɗaya na manta na ɗingisa da hagu, sai da na ce ciwon ne yake yawo. Abokansa suna zuwa taya shi murna, ya amsa sama-sama ya sauya zance. Bai koma filin wasa ba. Jiya yana murzawa, kansa a ƙasa, ya ce, "Ni naj ja ka cikin abin ga. Kana zaune lahiya da kekenka. Kuma kana kwance cikin mota ni ina ta gudu kamar ba jinina ba." Ya goge ido da bayan hannu, ya ɗora wa man zafin laifi, wai yana shiga ido.

In na yi shiru, zai ci gaba da ɗaukar laifin da babu shi. In na faɗa, zai san ƙaninsa ya yi masa dabara, an sake lallaɓa shi kamar marar lafiya, kuma ban san ko zai ƙara kallon ranar nan a matsayin tasa ba. Na juya maganar har na gaji, ɗinki ya taru, kuma an kusa kiran la'asar.

Kai da ka ji duka, in kai ne, yau za ka sake miƙa masa ƙafar, ko za ka faɗa masa?